Rigar da Aka Binne Doose da Ita

Ranar Talata da hantsi Sufeto Nababa yana ofishinsa a caji ofis na Lafia, kofur ya shigo ya ƙame, ya ce akwai wani mutum a kanta da ya kawo ƙarar sata, amma zancensa ba kai ba gindi. Wai an sace rigar matarsa, matar kuwa tana kabari tun farkon damina.

Sufeto ya ce a shigo da shi.

Sunansa Iorwuese, Batibi ne manomin doya daga wani ƙauye bayan Adogi. Ya zauna a bakin benci yana murza hularsa. Ya ce matarsa Doose ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ba su ma cika shekara da aure ba. Tana ciwo ta roƙe shi, in ta tafi a binne ta da farar rigar da ta sa ranar aurensu a coci. Haka kuwa aka yi. Yau ya kawo doya kasuwa, sai ga rigar rataye a ƙofar wani shagon kayan amare kusa da tasha.

"Fararen rigunan amare ai duk kamarsu ɗaya," in ji Sufeto.

"Oga, na ɗaga bakin rigan na duba," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Maman Doose ya ɗinka ƙyallen saƙan mu a ciki, mai baƙi da fari. Yana nan. Mai shago ya kore ni."

Sufeto ya gaya masa hanya mafi sauƙi ita ce a nemo izinin kotu a buɗe kabarin a gani. Kafin ya rufe baki mutumin ya zube a kan gwiwoyinsa, ya ce a bar ta ta huta, ta sha wuya a duniya, in sai an tone ta to ya janye ƙarar. Sufeto ya tashe shi, ya yi masa alkawarin zai nemi wata hanya.

Bai fara da shagon da ake zargi ba, na wata Madam Lami. Ya nufi hanyar Jos, wajen Madam Rekiya, wadda kowa ya san rigunanta sun fi na kowa tsada. Ya tambaye ta me ya sa riga iri ɗaya takan sha bamban a kuɗi daga shago zuwa shago.

Ta yi dariya ba ta jin daɗi ba. Ta ce wani leshin na waje ne, wani na Aba. Wata rigar da hannu ake jera mata duwatsu, wata manna su ake yi, amarya na rawa suna zuba. Ga kuɗin mota daga Onitsha, ga hayar shago a bakin titi, ga naira da ta faɗi warwas. Duk wannan, ta ce, yana iya sa wani ya ɗara wani kaɗan.

"Amma Lami ta bakin tasha fa?"

"Ranka ya daɗe, abin da take sayar da riga ɗinkakkiya ko yadin ba zai saya ba. Amarena duk sun koma can. Ni dai ban san inda take samowa ba, kuma ban ce komai ba."

Shagon Madam Lami ɗan ƙarami ne, warin kafur ya cika shi har yana hawa kai. Ta tarbe shi da fara'a, ta ce gwanjo ne take sarowa daga Kwatano, dila guda, shi ya sa take sauƙi. Mutumin ɗazu kuwa baƙin ciki ne ya taɓa masa kai.

Sufeto ya sauko da rigar ya juya bakinta. Babu ƙyalle. Sai dai akwai layin ƙananan hudojin allura, sababbi, daidai inda Iorwuese ya kwatanta.

Ya juya bayanta. Daga wuya har ƙasa akwai dogon ɗinki, ya wuce inda zif ya tsaya, zaren kuma ya fi yadin haske. Ya duba ta kusa da ita, haka. Ta gaba ma haka.

"Wannan ɗinkin fa?"

"Haka Turawa suke yi, Oga."

"A shagon Rekiya ban ga Baturen da ya yi haka ba."

Ya naɗe rigar ya tafi da ita, da ya karkaɗe ta a mota sai garin katako ya zubo daga cikin leshin.

Iorwuese yana nan a benci inda aka bar shi. Da ya ga rigar bai taɓa ta ba, ya dai ƙura mata ido. Sufeto, wanda bai san komai ba a sha'anin binnewa sai likkafani, ya tambaye shi game da ɗinkin bayan. Ya ce matan coci ne suka tsaga ta da almakashi, don jiki ya riga ya sandare, ba ta shiga. Sai aka lulluɓa mata ta gaba, aka cusa gefen a ƙarƙashinta.

"Wa ya gan ta daga ƙarshe?"

Ya ce Patrick kafinta, wanda ya kawo akwatin gawa daga Lafia. Shi ya ce kowa ya fita daga ɗakin, ba kyau masu makoki su ga ana buga ƙusa. Har godiya suka yi masa, suka ce mutum ne mai tausayi. Patrick ya fito da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

Ba a sha wuyar gano wurin Patrick ba, rumfa ce a bayan kasuwar katako. Maƙwabta suka ce ai mijin Madam Lami ne. Ya rantse bai san komai ba game da kasuwancin matarsa, shi katako ya sani. Kofur ya tura hannu cikin tulin ɓawon katako da ke ƙarƙashin tebur, ya jawo jakar. A ciki, ƙarƙashin guduma da zarto, akwai wata farar riga, bayanta a tsage, ba a kai ga ɗinkewa ba.

Patrick ya zauna a kan akwatin da yake haɗawa. Ya ce abin ba ya ɗaukar lokaci, tunda a tsage take, ja ɗaya ne ta fito. Ya ce ƙasa ce za ta ci, ga kuma 'yan mata talakawa suna kukan ba su da rigar aure. Ya fara da guda ɗaya, ba wanda ya sani, sai ya ci gaba. Lami ke wankewa ta ɗinke.

Aka sa masa ankwa, aka biya shago aka ɗauko matar, da rigunan duka.

A caji ofis Iorwuese ya miƙe da ya ga Patrick. Kofur ya matso don kada ya kai duka, amma hannuwan mutumin na gefensa.

"Da me ka rufe Doose?" ya tambaya a hankali.

Patrick ya sunkuyar da kai.

"Ba da komai ba."

Aka wuce da su sel. Sufeto ya dubi tulin fararen rigunan a kan teburinsa. Kowace da mai ita a ƙarƙashin ƙasa, kowace da dangin da ba su sani ba tukuna, kuma shi ne zai je ya gaya musu.

Iorwuese ya tambaya ko zai iya tafiya da rigar. Sufeto ya ce kayan shaida ce, sai an gama shari'a, kuma ba zai yi masa ƙaryar yaushe ba.

Mutumin ya dubi rigar. Sannan ya sa hularsa.

"Oga, takardan nan na kotu, na buɗe kabari. A nema mini. Akwai zanen Doose a gida, zan je in rufa masa."