Rawar Baba Alcide

"Baba, me ya kawo ƙwayoyinka cikin gwangwanin kofi?"

Odile ta tsaya a ƙofar kicin, riƙe da gwangwanin. Mahaifinta, Alcide, ya ci gaba da juya miyar kuɓewarsa kamar ba da shi ake ba.

Ya yi shekaru yana shan maganin nan, tun ciwon zuciyar da ya kayar da shi a gonar rake. Maganin ne ke rage wa zuciyarsa gudu, shi ya sa in ya miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe shi. Likita kuwa ta sha ja musu kunne kada ya kuskura ya daina sha da kansa.

"Bikinki ya matso, 'yar Baba," ya ce, yana sosa ƙeya. "Uban amarya ne ke buɗe filin rawa da 'yarsa. Babu bikin da ban taka ba a garin nan namu Lafayette, sai naki zan yi ta jan ƙafa? In na ɗan huta da su, jinina zai motsa..."

"Ya motsa ya kai ka ina? Kusa da Mama a maƙabarta?"

Ya koma kan miyarsa. Ita kuwa tsoro ya cika ta, don tsohon nan kaɗai ya rage mata. Nan take ta kira Desmond, angon nata, a waya tana kuka.

"A ɗaga bikin nan, Desmond. Ba zan yi auren da zai kashe min uba ba."

"Haba abar ƙaunata, share hawayenki. Ga ni nan tafe."

Desmond mutum ne mai sanyin hali, ko gobara ake sai ya ɗaure takalminsa tukuna. Da ya iso bai yi wa kowa wa'azi ba, ya dai buɗe ƙofar mota.

"Baba, mu je ka raka ni asibiti."

"Kai ne marar lafiyar?"

"Ni ne. 'Yarka ta ce ta fasa aurena."

Tsoho ya shiga yana ƙunƙuni. Likita ta auna shi, ta wanke shi tas, sannan ta mayar da shi kan maganin, ta ɗan rage ƙarfinsa saboda jirin. Kullum da safe Desmond ke zuwa ya tsaya a kansa har ya haɗiye.

Ranar biki zaure ya cika. Da aka kira uban amarya, gaban Odile ya faɗi, don ta san makaɗan garinsu ba su iya kiɗa a hankali ba. Sai ta ga Desmond ya ƙifta wa mai goge ido. Kiɗan ya fito a hankali, lallausa, irin wanda ba a taɓa buɗe fili da shi ba.

"Wannan aikin mijinki ne," Alcide ya ce, ya kama hannunta. "Munafuki."

Amma murmushi yake. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, tana jin bugun zuciyarsa yana zuwa ɗaya bayan ɗaya, babu tsalle babu gaggawa. Daɗi ya kama ta har hawaye suka zubo.

"Baba, ka gaji? Mu zauna?"

"Wa ya gaji? Da na bi ta tawa, da tuni rawar ta ƙare na miƙa ki ga mijinki." Ya ƙara riƙe ta. "Ce musu su maimaita."