Lissafin da Auta Ta Ninka

A unguwar Arawa, cikin garin Gombe, akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiranta Auta. Ta iya lissafi sosai. Duk tambayar da Malam Matiyu ya rubuta a allo, hannunta ne ke fara tashi.

Auta tana da yaya mace guda ɗaya, Adda Suwaibatu. Ɗakinsu ɗaya. Adda ce ke yi mata kitso ran Asabar. Ita ke duba mata aikin gida. Idan Auta ta yi laifi, bayan Adda take ɓuya.

Babansu, Malam Bamanga, yana sayar da kwanuka da tukwane a Kasuwar Gombe. A shekarun nan kasuwa ta ja baya. Masu zuwa sari daga Biu da Damaturu sun rage zuwa saboda tashin hankalin da ake yi a can. Gari ya cika da mutanen da suka gudo daga garuruwansu, hanyoyi kuma duk shingen sojoji.

Wata Talata sai ga labari mai daɗi. Adda ta samu gurbin karatun digiri na aikin jinya a wata jami'a a Zariya. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Dada, ta rangaɗa guɗa. Aka yanka zakara, maƙwabta suka yi ta shigowa murna. Auta ta fi kowa tsalle.

Ana cikin cin abinci ta ji an ce karatun shekara biyar ne. Nan take naman ya daina yi mata daɗi. Shekara biyar babu Adda a ɗaki? Ga shi kullum ana ba da labarin abin da ke faruwa a kan hanya. Ta ajiye naman, ba wanda ya lura.

Washegari Adda ta tafi ƙauyen Kwadon don ta gaya wa kakarsu. Kafin ta fita ta bar wa Baba takardar kuɗin makaranta. A ƙasan takardar ta ƙara kuɗin abinci da na mota da biro, ta haɗa jimla.

Baba yana karanta Larabci da ajami, amma bai yi boko ba. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kira Auta.

"Zo ki karanta mini, mai lissafi," in ji shi. "Lambar dai na gane ta, dubu ɗari da hamsin. Na shekara ne ko na mene ne?"

Auta ta duba. An rubuta a fili cewa na shekara ɗaya ne. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Baba, na zango ɗaya ne. Kuma zango biyu suke yi a shekara."

Baba ya tambaye ta nawa ke nan a shekara biyar. Ta ce miliyan ɗaya da rabi.

Baba ya tuna da dabbobinsa. Yana da shanu bakwai a Kwadon, wajen ƙaninsa Bappa Jalo. Ya ce ko duka ya sayar ba za su kai ba. Ya ninke takardar, ya sa a aljihu.

Da Adda ta dawo, Baba ya gaya mata cewa kuɗin sun fi ƙarfinsa. Ya ce ta yi haƙuri, ta riƙa taya shi zaman shago har Allah Ya kawo sauƙi. Adda ba mai musu da iyaye ba ce. Ta ɗauka ko dubu ɗari da hamsin ɗin ne suka gagara saboda halin kasuwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Auta ta samu abin da take so, amma ba ta ji daɗinsa ba. Adda ta daina waƙa idan tana wanke-wanke. Ran Asabar ta yi mata kitso ba hira ba dariya. Dada ma ta rage magana. Ga shi ran Juma'a mai zuwa za a rufe rajista.

Ran Litinin Malam Matiyu ya ba da aikin ninkawa a aji. Auta ta faɗi uku cikin biyar. Da aka fita hutun tara, ya tsayar da ita ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta fara cewa lafiyarta ƙalau, sai hawaye suka zubo. Ta gaya masa komai.

Malam bai yi mata tsawa ba. Ya ce, "Babanki ya ba ki takardar ne don ya yarda da ke. Ni ba zan je in faɗa masa ba. Ke kika ɓata, ke za ki gyara, kuma yau."

Ya ƙara da cewa matarsa, Madam Rifkatu, nas ce a asibiti. Idan Baba yana so, za su zo su yi masa bayanin aikin.

Auta ba ta jira yamma ba. Ana tashi daga makaranta ta roƙi Dada ta raka ta kasuwa. Aka duba jakunkunansu a bakin ƙofa, suka shiga. Suka tarar da Adda tana jera kwanuka, Baba yana zaune a kan benci.

Auta ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Kuɗin nan na shekara ne, ba na zango ba. Ba na son Adda ta tafi ne."

Adda ta saki murfin tukunya, ya yi ƙara a ƙasa. Baba ya ciro takardar ya miƙa wa Adda, ta karanta, ta ce haka ne.

Ran Baba ya ɓaci. Ya ce da ta gaya masa tsoronta, da sun zauna sun yi magana. Ya ce saura kwana huɗu ta sa yayarta ta rasa abin da ta yi shekaru tana wahala a kai. Sannan ya yanke mata hukunci. Idan tafiyar ta yiwu, ba za ta shiga motar rakiya zuwa Zariya ba. Auta ta daɗe tana son ganin Zariya, amma ta san ita ta jawo.

Ta juya ta ba Adda haƙuri. Adda ta ja kunnenta kaɗan, sannan ta rungume ta.

Da yamma Malam Matiyu da Madam Rifkatu suka zo gidan. Dada ta kawo musu fura da nono. Baba ya tambayi Madam kai tsaye ko aikin yana mayar da abin da aka kashe.

Madam ba ta ɓoye komai ba. Ta ce aikin jinya ba ya sa mutum ya yi kuɗi da wuri. Akwai tsayuwa mai yawa, wani lokacin albashi yakan makara. Amma ta ce mai wannan ilimi da wuya ya zauna babu aiki.

"Yanzu haka a ɗakin majinyatanmu mu biyu ne ke kula da gado talatin," in ji ta. "Ga waɗanda suka gudo, ga masu rauni, ga masu haihuwa. Hannu muke nema."

Baba ya ce a kawo takarda. Ya dubi Auta ya ce ta sake lissafin, a gaban kowa.

Auta ta zauna ta rubuta a hankali. Dubu ɗari da hamsin sau biyar, dubu ɗari bakwai da hamsin. Madam ta ce a ɗauka sabuwar nas za ta fara da dubu sittin a wata. Idan ta ci, ta yi sutura, ta ajiye dubu ashirin, yaushe kuɗin za su dawo? Auta ta raba, ta sake rabawa. Ta ce shekara uku da wata biyu.

Malam Matiyu ya karɓi takardar ya duba. Ya ce daidai ne.

Baba ya yi murmushi. Ya ce ba a lokaci ɗaya za a biya ba, shekara-shekara ne. Bijimi ɗaya da ɗan abin da shago ya kawo za su ɗauki shekarar farko. Kafin ta biyu, shanun sun haihu. Nan take ya buga wa Bappa Jalo waya. Dada ta sake rangaɗa guɗa, har yaran maƙwabta suka leƙo.

Ran Alhamis da safe mota ta tashi da Adda da Baba. Auta ta tsaya a ƙofar gida tana ɗaga hannu. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Kafin magariba Adda ta kira, ta ce sun isa lafiya.

Shekaru suka yi ta tafiya. Wani hutu, Auta tana sakandare, Adda ta dawo da abin sauraron ƙirji a jakarta. Yaran unguwa suka yi layi a tsakar gida, kowa yana so a saurari nasa. Adda ta sa wa Auta abin a kunne, ta ɗora bakinsa a ƙirjin Dada. Auta ta ji bugun zuciyar mahaifiyarta, dum, dum, dum. Ta buɗe baki tana dariya, ta ƙi cirewa.

Tun daga abin da ya faru, Auta ba ta ƙara canza lamba ko magana don son ranta ba. Ta gane cewa idan za a yanke babbar shawara, sai an auna abin da za a kashe da abin da za a samu, kuma da gaskiya ake aunawa. Idan kuma tsoro ne ke damun yaro, ya faɗa wa iyayensa, kada ya rufe shi da ƙarya.