Mintunan da Sakina Ta Goge

Sandar ƙarfen na juyawa, siririya kamar tsinken tsire, tsawonta kamu guda, Magaji na bin ta da wuƙarsa yana fere ta. Magaji ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe ne mai ƙwaƙwalwa, wanda Injiniya Sakina ta ƙera a Birnin Tsauni a shekarar 2131. Irin waɗannan sanduna likitoci ke zurawa cikin ƙashin cinyar wanda ya karye, don haka ko karkacewar silin gashi ba a yarda da ita.

Aikin akwai wuya, domin siririn ƙarfe lanƙwashewa yake yi ya guje wa wuƙa. Mutum ɗaya ya rage a birnin da ya iya shi da hannu, wato Baba Gwadabe. Shekara guda Sakina ta yi tana naɗar motsin hannunsa tana ɗura wa injin. Sai dai a ganinta tsohon akwai shiririta. Ana tsakiyar aiki zai sassauta abin da ke danne ƙarshen sandar, ya tafi alwala, ya dawo ya tsaya hira da mai shayi. Duk waɗannan mintuna ta goge su. Sauri ya ninku, aka sallami Baba da lambar yabo.

Wata Talata Baba ya leƙo su gaisa. Ya ɗauki sanda ɗaya da ta huce, ya mirgina ta a kan gilashin tebur. Sai ga ta tana tafiya tana ɗingishi.

Sakina ta matso ta duba. Ta rantse hasken da injin ke auna sanduna da shi ya nuna sandar miƙe take sambal. Ya tambaye ta yaushe hasken ke aunawa, ta ce tun sandar na ɗaure a kan inji.

"Da zafinta ke nan," in ji shi. "'Yar nan, ƙarfe in ya yi zafi tsawo yake ƙarawa. In ba a sassauta masa ya sha iska ba, sai ya huce gantsarewar za ta fito. Kin zaci yawo nake zuwa?"

Ta ce bai taɓa faɗa mata ba. Ya ce ba ta taɓa tambaya ba.

Nan take ta kira asibiti, ta tambayi sanduna nawa ke jikin mutane. Aka ce mata ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma dole a ciro kowace a sauya.

Salati ya kuɓuce wa Baba. Ya daɗe yana duban hannuwansa da tsufa ya fara kaɗawa.

"Ni kuwa ɗaya nake iya yi a wuni," ya ce.