Ya Ari Kakata Bai Dawo da Ita Ba

Ina yanka albasa na ji muryar saurayina a rediyo yana ba da labarin kakata.

Safiyar Asabar ce, ni da matar Yayana muna kicin, ƙaramar rediyo tana kan taga kamar kullum idan lokacin shirinsa ya yi. Shirin littattafai yake gabatarwa, shi da wata abokiyar aikinsa. Ya gama magana kan littafin makon, sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ke sa 'yan mata su yi ta bugo wa tashar waya.

"Wannan littafin ya tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta," in ji shi. "A bakin kogi take. Idan tana miyar kifi ba ta sa ludayi, sai dai ta kama tukunyar da tsumma ta girgiza a hankali, don kada kifin ya farfashe. Lemon tsami kuwa sai ta sauke take matsawa. Mu jikoki mu jeru a kan tsohon kwalekwalen da aka kife, kowa da kwanonsa a cinya..."

Wuƙar ta zame ta yanke ni a yatsa.

Matar Yaya ta kalli rediyon, ta kalle ni. Ta san labarin, don ta sha jinsa a bakin mijinta.

"Auta... wannan ba Innarku ba ce?"

Ita ce. Tasa kakar kuwa tana nan da ranta a unguwar masu hali, kuma na tabbata tunda aka haife ta ba ta taɓa fere ɗanyen kifi ba.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na birni, a teburin ba da aro. Tun ina ƙarama littafi ya shige min rai, har Yaya yana tsokanata wai da takarda aka yaye ni. Duk Litinin nakan rubuta ɗan kati in liƙa a allon bakin ƙofa, in faɗi littafin da nake ganin ya dace a karanta a makon da kuma dalilina. Ba wanda ya sa ni. Yawancin masu shigowa ma ba sa kallon allon.

Shi ya kalla.

Wata ranar ruwa ya shigo fakewa, rigarsa a jiƙe, ya tsaya yana karanta katin da na rubuta kan wani siririn littafi mai koren bango, labarin tsohon tela da idonsa ke mutuwa yana ɓoye wa 'ya'yansa. A ƙasa na rubuta: kada ka karanta shi a motar haya, za ka ji kunya. Ya yi dariya shi kaɗai, ya zo ya tambayi wanda ya rubuta. Yana buɗe baki na gane muryar. Bayan kwana uku ya dawo da littafin, ya ce bai ji maganata ba, a motar haya ya karanta, kuma tsohuwar da ke gefensa har ta'aziyya ta yi masa.

Daga nan ya zama ɗan gida. Na ba shi na 'yan'uwa mata biyu da suka shekara ashirin ba sa magana saboda rijiya. Na ba shi na kukun jirgin ruwa da ya zaga duniya yana neman burodi irin na garinsu, na ce kada ya taɓa shi da yunwa. Wani mai kauri da kowa ke yabo na hana shi, na ce marubucin ya fi son jin kansa fiye da mutanen da ke cikin labarin. Idan na tashi aiki sai mu zauna a bencin da ke ƙarƙashin bishiyar harabar, ya riƙa tambaya, ni kuma in yi ta zuba. "Malamata" yake kirana. Wani lokaci "zuciyata", idan ya ga ba kowa kusa.

A wannan bencin na ba shi garinmu kaf. Ƙananan kifin da Inna ke soyawa da gishiri kawai, mu riƙa ɗauka da zafinsa tana korarmu da mafici. Masarar da ake gasawa a mashigar jirgi, wadda ban sake cin irinta ba. Miyar nan da har yau idan na ji ƙamshin lemon tsami a kan abu mai zafi sai ta faɗo min a rai. Na gaya masa yadda na taho birni wajen Yaya bayan rasuwarta, da yadda na yi wata guda abincin nan bai yi min ɗanɗano ba. Ya ce min ban taɓa yin kyau kamar lokacin da nake maganar abinci ba.

A lokacin shirinsa yana ƙoƙarin mutuwa, manyan tashar suna maganar soke shi. Da ya fara karanta katunana a iska, murna na yi. Ya ce zai ambaci sunana. Mako ya wuce, wata ya wuce. Daga baya ya ce abokiyar shirinsa ce ta ba da shawarar a bari, wai masu sauraro sun fi son su ji abu daga bakin wanda suka sani. Matar Yaya ce ta raɗa mata Kanari, saboda yadda take dariya a rediyo. Ban damu ba. Shiri ya tashi, shi kuma yana farin ciki, me nake nema?

Amma Inna ba kati ba ce.

Da yammar Asabar ɗin nan na tare shi a benci da yatsana a naɗe. Ya kama hannun yana hurawa, ya ce maganar ce ta zo masa a baki, aikin rediyo haka yake, kuma mutum arba'in sun bugo waya wasu har da kuka.

"Zuciyata, abinki ai nawa ne. Nan da 'yan watanni kakarki kakata ce."

Na yafe masa kafin ya rufe baki.

Yaya ne bai yafe ba. Makaniki ne, ba ya doguwar magana. Yana wanke hannu da garin sabulu a tsakar gida ya ce mutumin da zai iya kashe kakarsa mai rai don a tafa masa, ba abin da ba zai iya sayarwa ba. Mai Murya yake ce masa, bai taɓa kiran sunansa ba. Na ce masa shi da bai taɓa gama littafi ɗaya ba ina zai gane irin waɗannan mutanen. Ya ɗago ya kalle ni. Shi ya bar makaranta don in yi tawa. Sati biyu muna gaisuwa kawai.

Ana cikin haka Kanari ta fara zuwa ɗakin karatu. Kyakkyawa ce, turarenta yana riga ta shigowa. "Anti" take ce min alhali ta girme ni. Takan ari littafi ta dawo da shi ko bangon ba ta lanƙwasa ba. Wata rana ta jingina da teburina tana dariya, ta tambaye ni wai tsakani da Allah ni ce nake rubuta masa komai, ko? Na yi dariya na ce ni nake zaɓa, shi yake ba su rai. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ta ce Allah ya bar mu tare.

Ranar da zai kai ni gaishe da mahaifiyarsa, tun asuba na tafi kasuwa na zaɓo kifi da kaina. Na yi miyar Inna kamar yadda take yi, na zuba a sabuwar kula. Matar Yaya ta ɗanɗana ta ce ko dutse ne uwar mijin nan sai ta narke.

Muna shiga falo na tarar da Kanari a zaune kusa da Hajiya tana matsa mata ƙafa. Ashe 'yar aminiyarta ce. Bai taɓa gaya min ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Hajiya ta amsa da ka, ta tambayi sana'ar mahaifina. Kafin in buɗe baki Kanari ta ce masunta ne kaka da kakanni, ai a wajena ake samo labaran kogin nan. Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce ita dama tun ɗazu take jin ƙarni. Ta sa aka fitar da kular baranda.

Na kalle shi.

Wayarsa yake dannawa.

A hanyar komawa ya ce in yi haƙuri, Hajiya sai a hankali, shi ya san yadda zai shawo kanta. Na juya ina kallon titi. Kular ma ba a dawo min da ita ba.

Bayan kwana biyar ya shigo ɗakin karatu da rana tsaka, mutane a cike. Bai zauna ba. Ya ce Hajiya ta ji komai: wai ina yawo ina cewa ɗanta fanko ne, murya kawai gare shi, in ba ni ba da tuni an kore shi. Na rantse, na gaya masa abin da na faɗa kalma bayan kalma da wadda na faɗa wa. Ya ce Kanari ba ta da dalilin yi min ƙarya.

"Ni kuma ina da dalilin ɓata ka?"

"Kina ganin kin fi ni. Tun farko na lura."

Ya ajiye littattafai biyu da ke hannunsa a kan teburin. Na buga musu hatimi, don akwai layi a bayansa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aurensa da Kanari. A rediyo na ji, abokan aikinsu suna ta barkwanci wai shiri ya haifi gida. Na shiga tsakanin kantocin littattafan tarihi, inda ba mai zuwa, na toshe bakina da mayafi. A gida Yaya bai ce "na gaya miki" ba. Ya sayo min lemo da burodi ya ajiye a ƙofar ɗakina, kamar lokacin da nake 'yar firamare ina zazzaɓi. Na fito na ba shi haƙuri, ya ce in tashi kada in jiƙa masa wando.

Na daina rubuta kati. Wani tsohon malami da ke zuwa karanta jarida ya tambaye ni sau biyu me ya sami allon, na ce biro ne ya ƙare. Washegari ya kawo min biro.

Shekara ɗaya da rabi sai ga shi, dab da lokacin rufewa. Ya rame, gemunsa ba gyara. Ya jira har na sallami mutum na ƙarshe. Ya ce sun rabu wata uku da suka wuce. A cikin faɗa ta faɗa masa da bakinta cewa ita ta ƙirƙiri maganar, kuma ko yau aka sake za ta kuma. Ya ce Hajiya ta sauko, ta ce ya nemo duk wadda yake so. Ya ce bai taɓa daina tunanina ba, ko littafi ya buɗe muryata yake ji.

Da zan yi muku ƙarya da na ce ban ji komai ba. Na ja kujera na zauna.

"Malamata... ki ce min in yi wani abu. Ko mene ne."

"Abu ɗaya ne. Ranar Asabar ka gaya wa mutane kakar wa ce."

Ya shafa kansa. Ya ce in duba, labarin ya yi nisa, har gayyatarsa ake yi makarantu ya maimaita shi. Idan ya fito yanzu ya ce ba nasa ba ne, wa zai sake yarda da abin da ya faɗa? Ya ce idan mun yi aure maganar ta zama gaskiya, sai a bar ta a haka.

"Zan yi tunani a kai," in ji shi daga bakin ƙofa.

Na saurara Asabar ta farko. Na saurara ta biyu. Matar Yaya ta daina kallona idan na kunna rediyon, sai ta ƙara ƙarfin famfo. Bai faɗa ba. Ya kira ni sau tara, ban ɗaga ba, daga nan ya daina.

Asabar ta huɗu ya kawo wani littafi da ban taɓa ji ba, labarin direban motar dogon zango da 'yarsa kurma. Ba katina ba ne, ba kalmomina ba ne, da kansa ya zaɓa. Ranar Litinin na duba, ashe muna da shi a kanta ta ƙasa, shekara shida ba wanda ya ara. Na zauna a teburina na karanta shi tas kafin a tashi.

Littafin yana da kyau ƙwarai.

Na rufe shi, na rasa wanda zan gaya wa.