Ƙofar da Bappayo Ya Buɗe

A gindin mangwaron bayan sito Nahla ta fara ganinsa. Ranar Lahadi ce, babu aiki a kamfanin casar shinkafa da ke gefen Jimeta, amma ƙungiyar ma'aikata ta kira taro a kan injin da ya cinye yatsun wani lebura aka ce ƙaddara ce. Ita abinci ta kawo wa babanta Bappayo, mai gadin ƙofa. Zubair, sakataren ƙungiyar, yana tsaye a kan buhu yana jawabi, garin dusa ya mai da girarsa fara fat kamar ta tsoho. Ta ƙyalƙyale da dariya, shi kuma ya manta abin da yake faɗa.

Bai kai ga tunawa ba motar 'yan sanda ta shigo.

Wai laifinsu shiga harabar kamfani ba izini. Abin takaici, wurin da mutum ya ƙarar da ƙarfinsa Litinin zuwa Asabar, ran Lahadi sai a ce kutse ya yi.

Da aka ba da belinsa, lambarta ya fara nema.

"Nahlata, dariya kawai kika yi mini aka kama ni. In kika so ni ko me zai same ni?"

"Ɗan rigima, wanke girarka tukuna."

Soyayya ta yi nisa, Bappayo kuwa ya ce sam. "Wanda kotu ke nema ba ya neman aure a gidana."

Sai ga Hayatu, mai kula da leburori, wanda ya daɗe yana neman Nahla ba ta ko kallonsa. Har gidan Bappayo a unguwar Wuro Hausa ya zo da saƙon manaja.

"Bappa, magana ɗaya ce. Ka ce a kotu ture ka suka yi suka shiga. Aikinka yana nan. In ba haka ba, ka dai san manaja."

Daga bakin lauyan ƙungiya Zubair ya ji cewa Bappayo ne shaidar kamfani. Zuciya ta ɗebe shi ya rubuta mata:

"Ashe kin sani kika yi shiru. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Hayatu."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ta yi kukanta ta ƙoshi kafin ta amsa:

"Ban sani ba. Da aikin nan gidanmu ke ci, Hamma Zubair. Kai ɗaurinka kawai ka hango."

Da safe ta durƙusa gaban babanta. "Baaba, ban ce ka so shi ba. Ni dai ina wurin, na ga hannunka a kan sakata."

Ya ɗauki butarsa ya fita.

A kotu lauyan kamfani ya tambayi Bappayo yadda aka ture shi. Tsohon ya amsa:

"Ba wanda ya ture ni. Sun gaishe ni, na amsa, na buɗe. Kullum ni nake buɗe musu. Ba a taɓa gaya mini ran Lahadi ɓarayi suke zama ba."

Alƙali ya kori ƙarar. Kafin Bappayo ya sauka daga Keke Napep a bakin kamfani, wani ne zaune a kan bencinsa, an ajiye masa butarsa da tabarmarsa a waje. Zubair ma aka ce babu gurbinsa. Injin nan kuwa yana nan yana aiki, ko murfi ba a sa masa ba.

Zubair ya zo Wuro Hausa ya tsuguna, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Bappa, ka yafe mini. Ni na jawo maka."

"Ba ni za ka roƙa ba. Wadda ka sa kuka tana ciki."

Sai da ta ja masa rai sosai kafin ta sake ce masa ɗan rigima.

Bayan Sallah aka ɗaura auren. Cikin duk waɗanda suka tafa wa Zubair a gindin mangwaro, leburan nan mai guntayen yatsu ne kaɗai ya zo. Sauran saƙon waya suka turo, wai Hayatu yana lura da masu zuwa. Nahla ta karanta, ta kife wayar.

Da yamma dangin ango suka zo ɗaukar amarya. Bappayo ya hana kowa taɓa ƙyauren gidan, shi ya zare sakatar da hannunsa. Ya dubi Zubair, idonsa ya cika da hawaye.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ba za a kore ku a kansa ba. Ƙofa ɗaya ta rage mini a duniya, ga ta na buɗe maka. Ka riƙe mini Nahla da amana."