Hannu Cikin Ƙanƙara

Al'amarin ya faro ne a watan azumin shekarar 2023, a ƙofar gidan Hajiya A'i da ke unguwar Fadaman Mada a Bauchi, inda ake sayar da ƙanƙara. 'Yarta Ni'ima ce ke sallamar masu layi bayan la'asar. A nan ta hangi wani saurayi ya fasa wadda ya saya cikin bokiti, ya tsoma hannayensa yana cije leɓe.

"Malam, masu azumi na neman ta buɗa-baki sun rasa, kai kana wanke hannu da ita. Ba ka tsoron Allah?"

"Ina tsoronsa, ranki ya daɗe. Horo nake yi."

"To, gobe ka nemi wani gidan."

Washegari ya dawo, amma sai da layi ya watse, ya roƙi ɓarɓashin da ya rage a gindin firiza. Sunansa Mika'ilu, yana koyar da ilimin duwatsu a jami'ar da ke Gubi. An zaɓe shi cikin tawagar bincike da za ta hau wani tsohon dutse mai aman wuta a ƙasar Turkiyya, a tsakiyar hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ke lulluɓe shi. Ni'ima ta ce wauta ce. Duk da haka ta riƙa ajiye masa ɓarɓashin. Kafin babbar salla ya soma kiran ta Sanyin Idona, ita kuma tana ce masa Sarkin Taurin Kai.

Mahaifinta ya rasu, don haka aurenta na hannun ƙanensa, wanda take kira Bappa. Shi kuwa ya daɗe yana yi wa ɗansa Auwalu sha'awarta. Da maganar Mika'ilu ta taso, sai ya tura Auwalun Tirwun, unguwar su saurayin, ya yi binciken da aka saba yi kafin a ba da 'ya.

Auwalu bai yi ƙarya ba, amma bai sassauta ba. Maƙwabta sun shaida masa cewa Mika'ilu kan cika jaka da duwatsu, ya sa rigar sanyi da tsakar rana, ya haye dutsen bayan gari, ya sauko da kayansa yadda ya hau da su. Wasu sun ce mutanen ɓoye ne ke kiran sa.

Bappa ya kira Mika'ilu zaure, ko tabarma bai nuna masa ba.

"An ce dutsen da za ka hau, cikinsa wuta ne, kansa ƙanƙara. Me ka ajiye a can?"

"Ilimi ne, Bappa."

"Ni ba bappanka ba ne. Ba zan ba da marainiya ga wanda zai mayar da ita mai takaba ba. Ko tafiyar, ko Ni'ima."

"Tawaga ta dogara da ni, Alhaji. Ba zan ce na fasa alhali ban fasa ba."

A ranar Ni'ima ta aika masa saƙo: "Ka zaɓi dutse. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da shi."

Ya amsa: "Sanyin Idona, na yi miki alkawari ɗaya. Duk inda hanya ta ƙi, zan juyo, ko da ina ganin ƙoli."

Ba ta mayar masa ba. Sai dai sunansa bai fita daga sujadarta ba.

A watan Janairu saƙonsa ya shigo daga sansanin gindin dutse: "Ruwa ya daskare a gora, taimama nake yi. Iska na yanka fuska, an ɗaure mu da igiya ɗaya. Ƙanƙarar Hajiya wasa ce." Daga nan wayarsa ta daina shiga. Auwalu ya riƙa zuwa gaishe da Hajiya A'i, yana tambaya ko an ji labarin "mutumin dutse".

Mika'ilu ya dawo Bauchi da hannun hagu a naɗe, sanyi ya cinye masa kan yatsu biyu. Guguwa ce ta taso suna dab da bakin ramin da ke saman dutsen. Wasu suka nace a ƙarasa, shi ya ƙi, har jagoransu ya juyo da kowa.

Mika'ilu ya zo gaishe da Bappa. Auwalu na zaure, ya dubi hannun ya yi murmushi.

"Ashe ma ba a kai ba. An bar yatsu kawai aka dawo."

Ni'ima ta shigo da ruwan sanyi, ta durƙusa ta ajiye. Ba ta ɗaga kai ba.

"Yaya Auwalu, kai ka ce mutanen ɓoye ke kiran sa. Da su ne, da ba su bar shi ya juyo ba. Ni ya yi wa alkawari, ya kuma cika."

Bappa ya daɗe yana duban hannun nan, sannan ya tura wa Mika'ilu tabarma da ƙafa.

"Har gobe ban ga amfanin hawan nan ba, kuma ba ka burge ni ba. Amma ka faɗa mini gaskiya, ita ma ka cika mata magana. Allah ya yi muku albarka. Ka turo manyanka ranar Juma'a, zan ba ka ita."