Ranar da Zulai Ta Yi wa Alayyafo Magani

Zulai tana aji huɗu lokacin da suka taso daga ƙauyensu na kusa da Mabai suka koma cikin garin Ƙanƙara. Gonarsu tana can bakin daji. Tun da 'yan bindiga suka fara tare manoma a hanya, Baba bai sake zuwa ba.

A gari kuwa komai sai an saya. Ko albasa ɗaya ake so, sai an je bakin kasuwa. Abin ya dami Baba ƙwarai.

Wata rana ya tsaya yana kallon ɗan filin da ke bayan ɗakin Inna, inda ake zubar da toka. Ya ce, "In Allah ya so, daga nan miyarmu za ta riƙa fitowa."

Inna ta ce, "Malam, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba?"

"Ke dai ki zuba ido," in ji Baba.

Ya share wurin, ya kafce shi, ya raba shi fangali-fangali. Ya shuka kuɓewa da alayyafo. Tumatir da tattasai kuwa ya dasa su a cikin tsofaffin buhuna. Ya kewaye lambun da kara, don kada kajin da Inna ta zo da su daga ƙauye su shiga.

Kafin wani lokaci gidan ya sake kama. Kashin kaji ya zama taki. Ragowar ganye ya zama abincin kaji. Da safe a ɗauko ƙwai a akurki, da rana a tsinko kayan miya.

Baba ya ba Zulai fangali ɗaya na alayyafo. Ya ce, "Wannan naki ne. Ke za ki kula da shi."

Murna wajen Zulai ba a magana. Kullum sai ta ba shi ruwa kafin ta tafi makaranta. Ƙanenta Muttaka, ɗan shekara huɗu, yana biye da ita da ɗan gwangwaninsa.

Wata safiya ta leƙa lambu, sai ta ga ganyen duk ya huhhuje. Ta juya ɗaya. Ga tsutsotsi kore shar sun manne suna ci. Ta juya wani, su ne dai. Kamar ta yi kuka.

Baba ya riga ya fita wurin aikin kafinta da ya samu a gari. Inna tana kwance a ɗaki, mura ta toshe mata hanci.

Sai Zulai ta tuna da wata kwalba da ke kan katangar zaure. Maganin ƙwari ne da Baba yake fesawa a gona. Ranar da ya ajiye ta ya ce, "Kada wanda ya taɓa wannan. Guba ce."

Zulai ta ce a ranta, "Ai ba sha zan yi ba. Tsutsa zan kashe. In Baba ya dawo ya ga sun mutu, sai ya yaba mani."

Ta jawo turmi ta taka, ta sauko da kwalbar. Ta tuttula maganin a cikin gwangwanin ban-ruwa, ba awo ba komai. Wani wari ya bugi hancinta har ta yi tari. Ta yayyafa wa alayyafon sosai, ta mayar da kwalbar, ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta ta wuce makaranta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Da aka tashi ta dawo gida da sauri, tana ɗokin ganin aikinta.

Tana shiga ta ji gidan shiru. Kullum kajin ne suke fara tararta, amma yau babu wadda ta taso. Sai ta hangi kazarta wake-wake a gindin randa. Ta miƙe ƙafafu, yawu yana fita daga bakinta. Wata kuma tana tafiya tana faɗuwa.

Inna tana tsaye a kansu, ta riƙe haɓa.

"Inna, me ya same su?"

"Wallahi ban sani ba, Zulai. Lafiya lau suke har na watsa masu karan alayyafo."

Zulai ta ce, "Wane alayyafo?"

"Naki mana. Na ga tsutsa za ta cinye shi, sai na yanke na yi mamu kwaɗo."

Nan take Zulai ta gane abin da ya faru. Inna ba ta ji warin ba saboda mura. In Zulai ta faɗi gaskiya, ta san ta shiga uku wajen Baba. In ta yi shiru kuma...

"Inna, ina Muttaka?"

"Yana ɗaki. Yunwa ta dame shi, na zuba mashi nashi."

Zulai ta yar da jakarta ta ruga. Ta tarar da Muttaka zaune a kan tabarma, hannunsa cikin kwano. Ta buge kwanon, kwaɗon ya watse a ƙasa. Ta sa yatsa ta ƙwaƙulo wanda ke bakinsa.

Muttaka ya fashe da kuka. "Inna! Yaya ta zubar mani da abinci!"

Inna ta shigo a fusace. "Ke lafiyarki kuwa?"

"Inna, guba ce! Na zuba wa alayyafon maganin Baba na cikin kwalba!"

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati da ƙarfi. Ta sunkuci Muttaka tana girgiza shi. "Loma nawa ka ci? Muttaka, gaya mani!"

Yaro dai sai kuka.

Salatin ya jawo maƙwabciyarsu, Hajiya Ummu Salma. Da ta ji abin da ya faru ta ce, "A ɗura mashi manja! Maza a kawo manja!"

Inna ta riga ta kira Baba a waya. Zulai tana jin muryarsa daga nesa. "Kada ku ba shi komai! Ku ɗauko kwalbar nan. Ga ni nan tafe."

Ba a daɗe ba ya iso da Keke Napep. Bai ko dubi Zulai ba. Ya karɓi Muttaka, Inna ta zura hijabi, suka shiga. Zulai ta ƙudundune a gefe, riƙe da kwalbar cikin leda.

A hanya Muttaka ya daina kuka. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Baba, cikina." Sai amai. Bayan haka ya yi laushi, kansa ya kwanta a kafaɗar Baba.

"Muttaka!" in ji Inna. "Buɗe ido! Dube ni nan!"

Zulai ta tuna yadda kazarta ta miƙe ƙafafu a gindin randa. Ta rufe fuska da hijabi. Ba ta taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

A asibiti wata ma'aikaciya mai suna Malama Suwaibatu ta karɓe shi. Ta karanta rubutun jikin kwalbar, ta ce, "Wa ya san yadda aka yi?"

Baba da Inna suka dubi Zulai.

Malama Suwaibatu ta durƙusa a gabanta. "'Yata, ba lokacin jin tsoro ba ne. Abin da za ki gaya mani shi zai taimaki ƙanenki. Yaushe kika zuba? Da yawa ne?"

Zulai ta faɗi komai. Ba ta ɓoye ko kaɗan ba.

"An ba shi wani abu a gida?"

"A'a," in ji Inna.

"Kun kyauta. Manja ko madara ba su maganin wannan, sai ma su ƙara ɓata abu."

Aka shiga da Muttaka ciki tare da Inna, aka rufo ƙofa.

Zulai da Baba suka zauna a kan benci. Baba yana ta jan carbi. Da ma ya yi mata faɗa, da ta fi jin sauƙi. Duk lokacin da ƙofa ta motsa, sai ta zabura ta miƙe. Duk wanda ya fito da sauri, sai ta ce a ranta shi ke nan.

Ta matsa kusa da shi. "Baba, Muttaka zai mutu?"

Baba ya dube ta. Ya ce, "Ki roƙi Allah, Zulai."

Ta roƙa. Duk addu'ar da aka koya mata a Islamiyya sai da ta karanta, wata ma ta maimaita ta.

Bayan la'asar ƙofa ta buɗe. Malama Suwaibatu ta fito tana murmushi. "Ina Yaya? Wani yana nemanta."

Muttaka yana kwance, an ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu. Idonsa a buɗe. Da ya ga Zulai ya turo baki ya ce, "Yaya, sai kin biya ni kwaɗona."

Inna ta yi dariya, hawaye yana zuba. Zulai ta riƙe ɗan hannunsa.

Malama Suwaibatu ta ce wa Baba, "Allah ya taimaka kaɗan ya ci, kuma kun zo da wuri. Da ya cinye kwanon nan, da labari ya sha bamban."

Washegari aka sallame su. A gida suka tarar kaji biyu sun mutu, har da wake-waken Zulai. Baba ya haƙa rami mai zurfi ya binne su, don kada wani ya ci. Ya tuge sauran alayyafon ya haɗa da su. Zulai tana tsaye tana kallon fangalinta ya koma ƙasa tsura.

Baba ya kira ta. Ta zo ta durƙusa, tana jiran bulala.

Ya ce, "Na ce kada a taɓa, kika taɓa. Kuma kika tafi ba ki gaya wa kowa ba. Kin ga inda abin ya kai mu?"

"Na gani, Baba. Ka yi haƙuri. Ba zan ƙara ba."

"Na haƙura. Da kin yi shiru jiya don tsoron duka, da yau gidan nan ana zaman makoki. Wannan kin yi daidai." Ya numfasa. "Ni ma bai kamata in bar guba inda yaro zai kai hannu ba."

A ranar ya sa kwalbar a akwatin kayan aikinsa ya datse da kwaɗo.

Da Muttaka ya ji ƙarfi, Baba ya sake ba Zulai irin alayyafo. Ya koya mata ta jiƙa ganyen bedi mai ɗaci, wato darbejiya, ta yayyafa ruwan, ta kuma barbaɗa toka. Tsutsar da ta yi taurin kai, a tsince ta da hannu a jefa wa kaji.

Wannan aiki ya fi yi wa Muttaka daɗi. Ya tsinto tsutsa ya jefa, kaji su yi ta rububi, shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Wata kaza ta yi ƙyanƙyasa, tsaki suka cika tsakar gida. Sabon alayyafo ya tashi kore shar, aka yi kwaɗo, aka cika wa Muttaka kwanonsa.

Tun daga nan Zulai ba ta sake taɓa abin da aka hana ta ba. In abu ya gagare ta, sai ta tambayi manya. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa nan take, domin ta gane cewa faɗin gaskiya da wuri yana iya ceton rai.